Yumɓun Telmo

A duk maƙeran garin Mercedes, Telmo Aguirre ne kaɗai ba ya hura wuta sai ya ga hannun mai wuƙa. Yakan miƙa wa mutum curin yumɓu ya ce ya damƙe, ya auna gurbin yatsun, ya zana a kwali, ya sassaƙa a itace, sannan ya taɓa ƙarfe. Masu gajen haƙuri suna cewa iyayi ne. Ƙarya suke yi, kuma rabinsu da tabo a tafin hannu. Telmo ya yi shekara tara a mayanka tun yana saurayi, a gabansa wuƙa mai santsin ƙota ta zame wa wani ta tsinke masa jijiya. Daga ranar ya tsani ƙotar da aka yi don ido.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda ya damƙi yumɓun ba: Casimiro, yayan matarsa Zunilda. Shekara talatin yana fiɗa a wani gandun shanu da wuƙar mahaifinsa, ga zafin kai, ga baki. Shi ya sa gaban Telmo ya faɗi da ya gan shi ya ɗaure doki a ƙofar maƙera da hantsi, saura kwana goma babban yankan gandu.

Casimiro ya zauna, ya karɓi ƙoƙon shayin mate da hannun hagu, ya ce wai tsohuwar wuƙar ta cinye, a yi masa irinta sak, doguwar ƙota miƙaƙƙiya. Telmo ya duba wuƙar. Ba abin da ya same ta, za ta iya wata shekara ashirin. Ya tura masa yumɓu.

"Wasan yaran nan har da ni, suruki?"

"Ko gwamna ne sai ya damƙa."

Casimiro ya damƙa da hannun dama da sauri, ya jefar a kan tebur kamar ya taɓa garwashi. Telmo ya ɗauka ya juya ta wajen haske. Babban yatsa ya nutse, manuni da na tsakiya sun nutse. Inda ya kamata yatsu biyun ƙarshe su zauna kuwa, yumɓun yana nan sumul.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. In ya ƙera abin da aka ce ya ƙera, ranar yanka jini da kitse za su jiƙa ƙotar, yatsu uku ba za su riƙe ta ba, hannun zai zame kan kaifi. In ya faɗi abin da ya gani, Casimiro zai hau dokinsa ya koma da tsohuwar wuƙar, wadda ita ma haka za ta yi masa. In kuma ya yi ƙota da ƙatuwar ƙugiya da madauri, kowane makiyayi zai gane da kallo ɗaya, maganar ta kai kunnen mai kula da gandu, a mayar da Casimiro sharar garke. Sai ya ce masa kawai ya dawo jibi.

Kwana biyu Telmo bai taɓa zuga-zugi ba. Ya zana kwali bakwai ya yaga shida. Ya naɗe yatsunsa biyu da tsumma, ya shafa wa hannunsa kitse, ya riƙa gwada sassaƙen itace a kan busasshiyar fata, har ya kurje gwiwar yatsa. Zunilda ta tambaye shi me ya sa hannunsa a ɗaure, ya ce ƙuna ce. Kafin ranar bai taɓa yi mata ƙarya ba, abin ya dame shi ƙwarai. A ƙarshe ya rage tsawon ruwan wuƙar da yatsa biyu, ya mayar da nauyin baya, ya kumbura cikin ƙotar daidai tafin hannu, ya fafe gurbin manuni a ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Daga gefe in ka kalle ta, wuƙar mahaifin Casimiro ce.

Casimiro ya zo a tsaye, bai ko zauna ba. Ya kalli sassaƙen ya ce ba haka ya ce a yi ba, ai wannan gajera ce, ta matan kicin. Telmo ya shafa mata kitse ya miƙa masa, ya ce ya soki buhun masarar can da duk ƙarfinsa.

Casimiro ya soka. Hannun bai zame ba. Ya sake, ya sake, ya juya ta kamar mai bin haƙarƙari, sannan ya tsaya yana kallon tafinsa. Ya kai yatsa ƙarƙashin ƙotar ya taɓa gurbin, wuyansa ya yi ja. Telmo ya matsa baya kaɗan, don ya san abin da surukinsa ke yi wa wanda ya gano shi.

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa."

"Har Zunilda?"

"Har ita."

Casimiro ya ce tun damina abin ya fara, da farko kamar tafiyar tururuwa, yanzu ko allura aka soka ba ya ji. Ya faɗi haka yana kallon bango. Telmo ya ce wuƙar za ta fito kafin yanka, kuma ba wanda zai ga komai. Ya yi zaton an gama ke nan, har ya fara tattara kwalayensa.

Casimiro bai tafi ba. Ya janyo sabon curin yumɓu da kansa, ya sa a hannun hagu, ya matse a hankali, ya ajiye a gaban Telmo.

"Duba wannan ma, suruki," ya ce. "Jiya ya fara."