Ingilishin da Ke Bakin Kaka

Har yau in na ji goge, ƙafata sai ta yi nauyi. Kwanan baya a bakin tashar Dogon Dutsi wani ɗan kabu-kabu ya kunna shi a salularsa yana jiran fasinja, ni kuwa na tsaya da kayan miya a hannu kamar wadda aka kira da suna. Yaron ya ɗauka hawa zan yi, har ya tayar da babur. Amma hankalina ya riga ya koma ƙauyenmu can bayan Matankari, ƙarƙashin gawon da ke bayan gari.

Kakata, wadda ta haifi babana, ƴar bori ce. Kada ka yamutsa fuska tun yanzu, mai karatu, don a zamanin da nake ba ka labari da wuya ka sami gida a yankinmu na Arewa da ba shi da mai ɗauke da iska. Siririyar tsohuwa ce mai tsokana, ba ta kirana da suna sai ƴar lakwal, wato ƴar makarantar boko, wai tun da na fara riƙe alli na daina iya riƙe taɓarya. Iskan da ke hawanta yana cikin waɗanda ake kira Babule, waɗanda aka ce Turawa ne. In ya zo, tsohuwar nan mai dafa bango sai ta miƙe cak, ta riƙa taku irin na soja, murya ta yi kauri, bakinta ya cika da wani harshe da ba Hausa ba, ba kuma Faransancin da muke ji a lakwal ba. Manya suka ce Ingilishi ne. In ya sauka ba ta tuna ko kalma ɗaya.

Abin da ke cin ranta shi ne babban ɗanta, Baffa, wanda ban taɓa gani ba. Ya tafi Gana aikin ramin zinariya tun babana yana saurayi, tare da wani maƙwabcinmu. Maƙwabcin ya dawo shi kaɗai, da ƙafa ɗaya a shanye da zazzaɓin da ya kusa kai shi lahira. Ba shi da kowa, Kaka ce ta yi jinyarsa damina guda. Da ya farfaɗo ya ce Baffa ya yi gaba zuwa wani gari neman aiki mai tsoka. Shekaru suka yi ta wucewa babu saƙo. Matar Baffa ta gaji ta yi wani aure, dangi suka ce a yi sadaka a huta, Kaka ta ce ba a yi wa mai rai sadakar mutuwa, kuma duk wanda ya daka gumba da sunan ɗanta ba ita ba shi.

Duk shekara in an gama ɗaure hatsi, rumbuna sun cika, gari yana warin karan da awaki suka tattake, sai a yi wasan bori da la'asar. Mai goge ya zauna, masu ƙwarya su kama, ƙura ta tashi. In iskan ya hau Kaka, sai gwaggona ta durƙusa ta tambaye shi labarin Baffa. Amsar ba ta taɓa canzawa ba. Maganganu ne gajeru, a jere, wasu da tsawa, wasu kamar mai roƙo, sai kumfa ta fito mata a baki. Maƙwabcin nan, wanda zuwa lokacin ya zama tsoho mai dogara sanda, shi ne tafinta, don shi kaɗai ya san harshen. Kansa a sunkuye yake cewa:

"Ya ce shina nan lahiya. Aiki ya riƙe shi. Ku ƙara haƙuri."

Mu yara ba abin da ya dame mu. Mun haddace maganganun iskan tsaf, muna rera su wurin daka, muna taka sawun soja a bayan ɗaki, muna dariya har mu faɗi. Sau ɗaya tsohon ya riske mu muna yi. Bai zage mu ba, ya jingina da danga ya rufe ido. Na ɗauka ciwon ƙafar ne ya motsa.

Tsohon ya rasu ina aji na biyu a kwaleji a nan Dogon Dutsi. Zuwa lokacin babana ya zama ɗan kasuwa, ya ɗage wando, ya tara gemu, ya rantse ba zai sake taka wurin goge ba. Amma bai iya hana uwarsa ba. Da girbi ya zo aka rasa tafinta, Kaka ta aika a kirawo ni.

"Ƴar lakwal, an ce ana koya muku Ingilishi. Yau za mu ga amfanin allin."

Na je da girman kai, don ni ce ta ɗaya a aji. Na durƙusa gabanta, iskan ya zuba mini ido da idon da ba na Kaka ba, ya faɗi abin da ya saba faɗi. Na kasa kunne iya ƙarfina. Ingilishina a lokacin bai wuce gaisuwa da sunan tebur da kujera da launin riga ba. Na tsinci kalmar ruwa, na tsinci kalmar maza, na tsinci ƙasa, sauran duk suka wuce ni kamar kukan tsuntsu. Da aka tambaye ni, na ce ban kai nan ba tukuna. Wata tsohuwa ta ce to kuɗin lakwal ya tafi a banza, aka yi mini dariya, na yi kuka don haushi.

Kaka ba ta yi dariya ba. Daga ranar duk hutun da na zo, kafin in ajiye jaka za ta ce, "Ingilishin ya nuna, ko har yanzu ɗanye ne?"

Sai da na kai jami'a a Yamai ya nuna. Muna da darasi na kalmomin aiki da zaman jama'a, irin waɗanda ake bukata in an wuce gaisuwa: albashi, yajin aiki, sallama, diyya, haɗari a wurin aiki. Wata safiya malaminmu yana karanta mana labarin ma'aikatan ƙarƙashin ƙasa, yana tsayawa yana bayyana sababbin kalmomi. Ya faɗi ɗaya, na ji bakina ya furta ta gaba kafin ya kai gare ta. Waƙar dakanmu ce. Kalmar da muke tsalle a kanta tana nufin rami ya rufta. Wadda muke tafa hannu a kanta tana nufin mutane sun maƙale. Ta roƙon nan cewa take a ci gaba da tono, akwai masu rai. Ta tsawar kuwa umarnin shugaban aiki ne, a toshe bakin ramin, ruwa ya ci ƙarfinsu.

Za ka tambaye ni yadda matar da ba ta taɓa wuce kasuwar Matankari ba ta san waɗannan kalmomi. Ni ma na tambayi kaina. Wataƙila a daminar jinyar nan ta ji su, mai zazzaɓi yana sambatu, suka kwanta a cikinta ba ta sani ba. Haka nake gaya wa kaina in ina son barci. Abin da ya fi tsaya mini shi ne tsohon nan. Shekara bayan shekara ana jefa masa ranar ruftawar ramin nan a fuska da bakin uwar abokinsa, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce lafiya lau. Na yi fushi da shi, daga baya na ji tausayinsa ya fi fushin yawa.

Na koma gida da hutun damina. Kaka ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, tana zaune bakin ɗaki tana ɓare gujiya da lalube. Ta yi tambayarta, na ce ya nuna. Hannunta ya tsaya.

"To hwaɗa min. Kuma kak ki yi min irin ta tsohon nan, na san irin muryar mai lallashi."

Na faɗa mata duka, ban rage ba. Ruwa yana ta ɗiga daga jinka. Can ta ce:

"Shi ɗai ne cikin ramin?"

Na ce a'a, maza ne da yawa.

"To, madalla. Yaron ba ya son zama shi ɗai tun yana ƙarami." Sai ta ce a auno gero.

Babana da ya ji ya taso da faɗa, ya ce shi ba ya karɓar shaidar iska a kan mutuwar ɗan'uwansa. Kaka ta juya fuskarta wajen muryarsa.

"Ba iska ta hwaɗi ba. Ɗiyarka ta hwaɗi, kuma kai kas sa ta lakwal."

Washegari aka daka gumba. Babana ne ya ja addu'ar, ya kai tsakiya murya ta ƙi, sai da liman ya karɓa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Da girbin shekarar ya zo aka yi wasa kamar kullum, Kaka ta zauna har rana ta faɗi, babu abin da ya hau ta. Iskan bai sake zuwa ba har ta bar duniya.

Yanzu ni ke koyar da Ingilishi a garin nan. Wasan bayan girbi ya ja baya, jikokin masu yin sa kunya suke ji a ambata. Amma tafiya ba ta ragu ba, sai dai ta juya: samarinmu arewa suke yi yanzu, cikin hamada, ramukan zinariya, wasu kuma su ƙetare har inda ba mu san sunansa ba. Ɗalibaina sun fi son kalmomin neman aiki da na albashi, in na zo kan na haɗari sai su fara hamma, suna cewa, "Madam, wannan ba ya fitowa a egzama." Ba na wucewa. Ina sa su maimaita, musamman ƴan matan, waɗanda za a bari a gida. Ina kallon bakinsu ina roƙon Allah kada waninsu ya taɓa bukatar kalmomin nan. In kuwa ya zama dole labari ya zo, to ya tarar da mai jin sa tun ranar farko.