Haɗarin da Ban Yi Ba

Ni da masu inshorar mota ba mu taɓa shiri ba, kuma ba za mu yi ba. Lokacin da na fara kabu-kabu a Woolwich, wajen ƙarshen shekarun tamanin, akwai wani dillalinsu a bayan kasuwa, mutumin da ba ya ɗaga kai ya dube ka. Ka faɗi unguwarku, kuɗi ya hau. Ka ce haya za ka yi da motar, ya sake hawa. Zaɓi biyu ya ba ni: comprehensive, wadda za ta gyara motarka da ta wanda ka buga, ko third party, wadda ba ruwanta da taka, ta wancan kawai ta sani. Na dubi farashin ta farkon, kaina ya sara. Na ɗauki ta biyun, aka rubuta sunana ni kaɗai a matsayin direba.

Shekara huɗu ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Duk shekarar da ba ka yi haɗari ba ana rage maka kuɗin, kuma da wannan ragin nake samun abin kai wa gida. Motar nan ita ce abincinmu, ni da matata da yara biyu.

London ba ta saba da dusar ƙanƙara mai yawa ba, shi ya sa ranar da ta zuba da gaske kowa ya rikice. Ni kam na ajiye mota na ce yau ba fita. A lokacin akwai wani ɗan unguwarmu daga Kano da ke kwana a falona, wata uku ke nan, yana jiran ofishin shige da fice na Croydon su ba shi takardun zama. Da hantsi ya zo yana sosa ƙeya.

"Yaya, ara min mota mana, ten minutes. Tukunyar shinkafa zan kai gidan suna a Plumstead."

Na ce ba ka ga titi ba?

"Haba Yaya! Ni da na yi tuƙin Kano zuwa Legas?"

Na san abin da takardar inshorata ta ce. Amma a wajenmu, wanda kuke ci a kwano ɗaya ba ka hana shi makullin mota, sai a ce Turai ta lalata ka. Kunya ta sa na miƙa masa, kuma har gobe ina jin haushin hannun da ya miƙa.

Ba a yi awa ɗaya ba ya dawo a ƙafa. "Yaya, na yi skidding." A gangara ya taka birki da ƙarfi, motar ta sulale ta daki wata da aka ajiye, ta ƙarasa cikin katangar gidan wata tsohuwar Baturiya. Ba wanda ya ji ciwo. Jarumin Kano zuwa Legas ya buɗe ƙofa ya ari na kare.

Kafin in gama masifa an kira Alhaji, dattijon da ke sasanta mu in an samu matsala. Ya zauna a kujerata, ya sha shayina, ya yanke hukunci.

"Malam, ka je ka ce kai ke tuƙi. Yaron nan ba lasisi, ba takarda. In police suka kama shi, jirgi za a sa shi. Rufin asiri ne."

Na ce, Alhaji, ni kuma nawa asirin fa? Ya ce Allah ba zai bar ni haka ba.

Na taka cikin ƙanƙara har wurin, takalmina ya jiƙe sharkaf. Gaban motar ya lotse, shinkafa ta watse a kujerar baya. Na tsaya gaban tsohuwar da ɗan sanda na ce musu ni ke tuƙi, wai tsoro ne ya sa na gudu. Ɗan sandan ya yi min kallon raini, na haɗiye. Daga baya kotu ta ci ni tara.

Inshora ta gyara katangar tsohuwa, ta gyara motar wancan. Tawa kuwa aka ja ta wajen 'yan gwangwan, ko fam ɗaya ban gani ba. Ragin shekara huɗu ya tafi a rana guda. Na koma wajen dillalin in ji ko zan iya sake farawa da wata tsohuwar mota. Ranar ya ɗaga kai ya dube ni, har da murmushi, ya faɗi farashin da ya fi kuɗin motar kanta. Ofishin kabu-kabun suka ba wani rediyon da suke kirana da shi in ɗauki fasinja. Masu wa'azin rufin asiri ba wanda ya leƙo, sai "Allah ya mayar da alheri" a ƙofar masallaci. Na koma share ofisoshi a cikin gari.

Bayan shekara uku, wata safiya ina tsaye a tashar bas da rigar aikina a leda, wata mota fes ta tsaya a gabana, da eriyar ofishin da na bari. Shi ne, yaron da ya ari motata. Takardu sun fito, ya yi lasisi, ya yi ƙiba.

"Yaya! Shigo in yi dropping ɗinka. Ka ga, comprehensive na yi mata, kuma ba tsada. Sun ce record ɗina clean ne, ban taɓa accident ba."

Da dariyarsa ya faɗa, ko a jikinsa. Na dube shi har dariyar ta mutu. Na ce masa ya ja motarsa, ya tare wa bas hanya.