Tambayar da Na Rubuta wa Dillali

A shekarun da sojoji suka koma bariki, aka kuma ƙaddamar da shari'a a jiharmu, mutanen mazaɓarmu suka zaɓi taubashina ya je Katsina ya wakilce su a majalisar dokoki. Ɗan kawuna ne, wata bakwai kacal ya ba ni, kuma tun tasowarsa ba shi da sana'ar da ta wuce dillancin shanu a kasuwar Mai'adua. Iyakar tafiyarsa Kano ce, sai aikin hajji sau ɗaya. Ni kuwa na yi shekara goma sha ɗaya a Kumasi ina fataucin goro, na yi tafinta a Yamai, na zauna a Sudan, har Landan na je sau biyu tare da masu sayen fatu. Ina jin Turanci da Faransanci da Larabci da yaren Asante. Da dattawan jam'iyya suka zauna neman wanda za su tsayar, an ce sunana ya shiga zancen, amma ya fita tun ba a kawo shayi ba. Wai mutanen ƙauye ba su san ni ba. Shi kuwa babu rugar da bai taɓa shan fura a cikinta ba daga Baure har bakin iyaka.

Ranar da aka faɗi sakamako na je na yi masa murna, na yi doguwar addu'a da babbar murya, kowa ya shafa. Da na dawo gida na kasa cin tuwo. Uwargidana ta ce, “Alhaji, ko cikinka ne?” Na ce zafi ne. Ta dube ni, ta ɗauke kwanon.

Tun muna yara shi yake kirana Sha-yawo, ni kuma ina kiransa Dillali. Da ya hau kujera kowa ya koma ce masa Honarabul, ni kaɗai na ƙi. Mutane suka ɗauka wasan taubasantaka ne. Ni na san ba wasa kaɗai ba ne. Kalmar ce ba ta iya fitowa daga bakina.

Wata ranar Asabar da hantsi ya aiko a kira ni. Na tarar da zaurensa cike da makiyaya, sandunansu jingine a bango. Kukansu ɗaya ne. Gwamnati tana yi wa shanu allurar rigakafin ciwon huhu kyauta, amma ba a fitowa yin ta sai tsakiyar zafi, lokacin da manyan garkuna suka riga suka gangara kudu neman ruwa da ciyawa. Masu allura su zo su tarar da wofin ruga, su yi wa 'yan shanun noma da suka samu a turke, su koma. Garkuna su dawo da damina da tari, cutar ta bi makwabta. Dillali ya ce ya kai maganar majalisa, an amince a gayyato kwamishinan da abin ya shafa ya zo ya amsa tambayoyi, kuma shi aka ba ya fara.

Da mutane suka watse ya jawo ni kusa. “Sha-yawo, yawon nan naka yau zai yi rana. Kai ka ga yadda ake titsiye minista a ƙasashen mutane. Rubuta mini tambayar.”

Na ce, “Ashe akwai abin da kujera ba ta koya wa mutum.”

Ya ce, “Akwai mana. Ba ta koya wa mutum surutu. Shi ya sa na kira ka.”

Gaskiya ne na gani. A Ankara ta ƙasar Gana na taɓa zama a benen 'yan kallo, na ga ɗan majalisa yana nuna minista da yatsa, 'yan'uwansa suna buga tebur suna shewa kamar ana dambe. A Yamai da Faransanci ake yi, mutum ya share minti goma yana jera kalmomi masu daɗin ji kafin a gane inda tambayarsa ta dosa. A Landan kuwa minista ba ya gama zama wani ya miƙe, tambaya gajera, amsa gajera, kowace da ƙaya a jikinta, ana ta dariyar mugunta. Mu kuma a lokacin masu wa'azi kullum suna tuna mana cewa shugaba abin tambaya ne, kuma mutane sun ɗauki maganar da gaske. Har a teburin mai shayi ana jiran a ga ranar da za a tsayar da babba a tambaye shi.

Kwana biyu na yi a kan takardar. Abin da na yi a kwana biyun nan ban taɓa faɗa wa iyalina ba. Na san Turancin Dillali bai wuce na gaisuwa da na karatun allon hanya ba. Da na ga dama da na rubuta masa layi uku masu sauƙi. Sai na cika shafi guda da rabi da manyan kalmomi, irin waɗanda ni kaina sai na rage gudu nake furta su. Na sa jimloli masu tsawo, waɗanda numfashi ke ƙarewa kafin a kai ƙarshensu. Ina rubutu ina hango shi tsaye yana in'ina, 'yan jarida suna duƙar da kai, labari ya iso Daura, dattawan nan su tuna wanda suka tsallake. A can ƙasan shafi na biyu na ƙara wani ɗan layi, don dai a san na zaga duniya: cewa a Nijar na ga masu allura su ke bin garke zuwa inda ya taru, ba sa jiran garke ya zo musu.

Ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya. Ya ce, “Kai, ta yi nauyi kamar bajimi. Allah ya yi albarka. Ranar Talata tare za mu tafi, ka ga aikinka da idonka.”

Ranar Talata na sa farar shaddata da na ɗinko a Jidda. Aka kai ni benen baƙi, na zauna a layin gaba. Zauren bai kai na Ankara girma ba, fankoki suna juyawa a hankali, 'yan majalisa suna shigowa suna musabaha kamar an zo ɗaurin aure. Na ce a raina, waɗannan ne za su titsiye mutum? Kwamishina ya shigo da ma'aikatansa biyu ɗauke da fayil-fayil. Mutum ne mai natsuwa, da ganinsa ya yi karatu mai zurfi. Ya karanta bayaninsa da Turanci mai kyau, ya zauna.

Kakakin majalisa ya ba Dillali dama. Ya miƙe, ya gyara hannun rigarsa, ya zaro takardata daga aljihu. Gabana ya faɗi, kuma ba don tausayinsa ba. Ya buɗe ta, ya ƙura mata ido irin yadda yake duba haƙoran saniya a kasuwa, sannan ya ninke ta ya mayar aljihu. Ya roƙi kakaki izinin yin magana da Hausa, aka ba shi.

Sai ya shiga gaisuwa. Ya gajiya, ya iyali, ya aka ji da jama'a. Na ce to, ga shi nan, an aike shi faɗa ya tafi gaisuwar surukai.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, allurar nan da ake yi wa shanunmu kyauta, Allah ya saka da alheri. A wane wata ake fitowa yin ta?”

Kwamishina ya ce a watan huɗu.

“Watan huɗu. Ana tsakiyar zafi ke nan. To ranka ya daɗe, na san gidanku gidan shanu ne, don na taɓa sayar wa mahaifinku karsana biyu, Allah ya jiƙansa. Naku shanun, a ina suke kwana a watan huɗu?”

Zauren ya ɗan yi dariya. Kwamishina ma ya murmusa, ya ce suna kudu wajen ruwa.

“Allah ya dawo da su lafiya. Masu allurar suna bin su can?”

Ya ce a'a, ma'aikata ba sa tsallake iyakar jiha.

“Haka ne, kowa da hurumin aikinsa. To wa suke tararwa a gida?”

Kwamishina ya waiwayi ma'aikacin da ke bayansa, suka yi 'yar magana ƙasa-ƙasa. Ya juyo ya ce galibi shanun noma ne da na kiwon gida.

“Su ma bayin Allah ne, sun gode. Naku kuma yaushe suke zama kusa da gida?”

Ya ce sai da kaka, in an cire amfanin gona sun sauko cin kara.

“Ashe da kaka suna ƙofar gida.” Dillali ya gyaɗa kai. Babu wanda ya buga tebur, babu wanda ya yi shewa, amma na ga kakaki ya ajiye alƙalaminsa ya gyara zama. Sannan Dillali ya ɗaga hannu ya nuna bene. “Akwai ɗan'uwana can sama, mai farar riga. Ya zauna a Nijar shekaru, ya ji yarensu na boko. Shi ya shaida mini can masu allura ke bin garke inda ya taru. Ranka ya daɗe, me zai hana mu yi tamu da kaka?”

Duk zauren ya ɗaga kai ya dube ni. Kallon da na yi shekara biyu ina so a yi mini ke nan, ga shi ya zo, amma da yatsan Dillali ya zo. Na sunkuyar da kai.

Kwamishina bai yi gardama ba. Ya ce maganin ne ba ya isowa hannunsu sai bayan sabuwar shekara. Dillali ya tambaya ko ana iya neman sa da wuri. Ya ce zai bincika, ya dawo wa majalisa da amsa a rubuce. Kakaki ya sa aka rubuta alkawarin, aka sa masa lokaci.

A hanyar komawa muka iso Mashi, muka tsaya sallar la'asar. Muna zaune a gindin wata bedi muna sa takalma, 'yan acaɓa suna ta wucewa da buhuna, na ce, “A ina ka koyi wannan?”

Ya ce, “Wanne?”

“Tambayar da ka yi.”

“A kasuwa mana. Kai in ka je sayen saniya sai ka tambayi mai ita ko tana da lafiya? Ai cewa zai yi lafiyarta ƙalau, kuma daga nan ya ɗaure fuska. Tambayarsa za ka yi me ta ci jiya, a wace rijiya ta sha, yaushe ta haihu. Kana yi kana shafa bayanta. Kafin ku gama hira shi da bakinsa zai gaya maka inda take ɗingishi, kuma ku rabu kuna dariya, don gobe ma za ka dawo wurinsa.”

Na ƙarasa sa takalmina. Sannan na ce, “Dillali, takardar nan da gangan na cika ta da manyan kalmomi.”

Ya ce, “Na sani.”

“Ka sani?”

“Sha-yawo, shekara arba'in ana kawo mini bajimin da aka ɗura wa ruwa da kanwa don ya yi ciki. Yau da safe na ba akawun majalisa ya karanta mini ita, shi ma sai da ya tsaya ya sha ruwa sau biyu. Amma layin ƙarshen nan na gaskiya ne. Shi na saya, na bar maka sauran.” Ya zaro takardar ya miƙo mini. “Ungo kayanka. Tashi mu tafi, kada magariba ta same mu a hanya.”

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na so ya yi fushi, ko ya kwana biyu ba ya gaishe ni, don in samu abin riƙewa. Bai yi ba. Ya shiga mota yana ba direba labarin wani bajimi da ya taɓa tsinke igiya ya shiga rumfar masu tsire.

Amsar kwamishina ta zo bayan makonni. Ba a sauya komai a shekarar ba, amma da kaka ta gaba aka fito da masu allura a yankinmu don gwaji, garkuna suna cikin kara. Makiyaya suka riƙa zuwa gaishe ni har gida, wani ya kawo mini ƙwaryar man shanu. Dillali ne ya bi ruga-ruga yana cewa shawarar ɗan'uwansa ce. Duk wanda ya yi mini godiya sai in ce a gode wa Allah, in kawar da kai. Uwargidana ta ce ba ta taɓa ganin wanda ake yabo yana ɓata rai ba sai ni.

Da aka sake gayyatar wani kwamishina a kan maganar burtali, wato hanyar shanu, Dillali ya sake aikowa a kira ni. Wannan karon layi uku na rubuta masa, da Hausa. Ya karanta da kansa, yana bin kalmomin da yatsa, ya ce, “Ka fara koyo. Na tsakiyar ya yi tsawo.” Na bi shi Katsina, na zauna a kujerata ta layin gaba. Da kakaki ya kira shi ya miƙe yana gyara hannun riga, na ji ƙyashin nan ya sake taso mini a ƙirji kamar ranar farko. Na bar shi ya taso, na zauna a kansa, na kasa kunne in ji da wace gaisuwa zai fara.