Hannun Bubayero Mai Liƙi

Mazan wani layi a Gaya sun cire Bubayero mai liƙi daga ciyayya, alhali bai yi wa kowa laifin komai ba.

Daga Toranke ya zo bayan shanun gidansu sun ƙare, ya kafa rumfa a bakin kasuwa. Shekara goma sha tara yana liƙe tankin babur da jarkokin 'yan garuwa. Gam ɗinsa ruwa biyu ne, ɗaya kamar zuma, ɗaya mai wari. Kowanne shi kaɗai sai ya shekara bai daskare ba, amma da an haɗa su sai su ɗau zafi, kafin la'asar sun zama dutse. Da yatsa yake gaurayawa, wai yatsa ne ke jin lokacin da haɗin ya yi. In ya gama ya wanke da fetur. Masu sayar masa kuwa a gwangwanin madara suke ɗuro masa, ba takarda ba gargaɗi.

Bara hannuwan suka fara ƙaiƙayi, suka tsattsage, fata na saɓulewa. Ran nan ya miƙa hannu cikin tuwo, sai Mudassir tela ya janye kwanon.

"Bappa, a zuba maka naka daban mana."

"Yau kuma? Ni da na liƙe maka tanki sau uku?"

"Ai tanki ba ya ɗaukar kuturta."

Aka yi dariya. Bubayero dai ya tashi ya karkaɗe riga.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa na Kano. Wannan kwanon ne kaɗai inda yake hira da mutane. Tun daga ranar a rumfa yake cin abinci, ya ba titi baya. A masallaci in ya miƙa hannu, sai kowa ya dafe ƙirji.

Malama Hanne, mai koyar da kimiyya a sakandare, ita ce ta gano matsalar, ranar da ta kawo liƙin bokiti.

"Bappa, a cikin mai kama da zumar nan akwai wasu zobba ƙanana da ido ba ya gani, masu kusurwa uku, a takure suke. Da sun sami abin kamawa sai su ɓalle su damƙe shi. Haka suke kama fatarka, har jikinka ya fara faɗa da su."

Ta tura shi asibiti. Likita ya rubuta cewa ba kuturta ba ce, ba a ɗauka. Yanzu da tsinke yake gaurayawa, da safar roba a hannu, kuma fatar ta warke sai tabo. Takardar na aljihunsa wata biyar, har ta yi laushi. Ba wanda ya ce a kawo ya gani.

To, ku masu ɗura gam a gwangwani, ku rubuta gargaɗi da Hausa. Kai kuma Mudassir, kai ka janye kwanon nan a gaban jama'a. Ka ɗauke shi da hannunka ka kai rumfar, ka zauna ku ci tare.