Izu Tara na Alaramma Sule

Ban taɓa mantawa da ranar da aka turo mana Alaramma Sule daga Gaya ba. Lokacin ina nas a ɗakin tiyata na wani babban asibiti a Kano. Mutumin Kademi ne, idonsa ya yi rawaya da shawara, ya rame sai wuya. Da ya ji ni ɗan Ajingi ne, sai ya riƙe ni gam, wai ya samu na gida.

Ciwon daji ne a fankiriyas, tsokar da ke bayan tumbi. Ya riga ya kama babbar jijiyar da ke kai jini hanta. Ku yaran yanzu kun saba jin ana yi wa irin wannan ciwo aiki, amma a lokacinmu sau da yawa buɗewa ake yi, a duba, a rufe. Babban likitanmu ya ce zai yanke inda ciwon ya kama a jijiyar, ya ɗinke bakin biyu. Da yake ba ya jin Hausa, ni na yi tafinta. Na gaya wa Alaramma gaskiya: jini na iya ɓallewa, kuma ko an dace, ciwon kan dawo.

Bai tambayi shekara nawa zai yi ba. Ashe yana rubuta Alƙur'ani da ka, irin na alarammomi, saura izu tara. Ya ce, "Ɗana, tambayar mini shi, hannuna zai kai ƙarshe?" Likita ya ce ba zai yi alkawari ba, amma zai nema masa lokaci.

Mun wuni a tsaye. Da aka saki jijiyar bayan an gama ɗinki, jini ya bi ta lafiya, na ji likita yana hamdala a ƙarƙashin takunkumi. Alaramma ya sha jinya, har ya riƙa yi mini tsiya wai kununmu ko Bature ba zai sha ba.

Bayan damina biyu ciwon ya dawo, ya rasu. Likita ya yi ta jimami, yana cewa aikin bai yi nasara ba. Na je ta'aziyya Kademi. Babban ɗansa ya fito da gafaka, ya buɗe mini ganyen ƙarshe na Alƙur'anin. Rubutun ya ɗan karkace, amma ya cika.

Har na yi ritaya ina kewar wannan zamani. Tun daga ranar ta'aziyyar nan, kafin a shiga da kowa tiyata, sai na tambaye shi me ya bari bai gama ba.