Minsharin da Muka Ɗauka Barcin Gajiya Ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan jiya, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran ƙanena, autanmu, kafintan da duk layinmu aka sani da fensir a bayan kunne.

Auta, babu ƙofa a gidan nan da ba kai ka kafa ba. Ka tsani ƙofa mai ƙara. Sai ka shigo gaisuwa, ka ji tawa ta yi kuka, ka ce, "Yaya, ƙofar nan taki ta fi ki mita," ka durƙusa ka hau gyara. Tsohuwar maƙwabciyarmu da ciwon gwiwa ya hana zama a ƙasa, kai ka ƙera mata kujera mai hannu, ka ce ragowar katako ne. Ni kuwa a gabana ka sayo shi.

Ba a bayan layi ka koyi ƙwaya ba. Daga kan rufi ka faɗo, bayanka ya bugu, aka rubuta maka tiramadol, maganin kashe ciwo. Ciwo ya tafi, ƙwaya ta zauna. Ka rame, ka riƙa faɗa da kowa, hannun da ba ya kuskuren awo ya fara rawa. Amma ka daure ka daina, da zufa da amai da kuka, har kumatunka suka dawo.

Sai wani aikin rufi ya zo, baya ya motsa, ka sha adadin da ka saba sha a da. Likita ya ce jikin da ya huta ba ya ɗaukar tsohon awo. Ƙwayar kan danne numfashi a hankali har ya tsaya. Wayyo, ina ma wani ya gaya mana tun da wuri!

Ranar Larabar nan, bayan azahar, matarka ta ji kana wani minshari mai nauyi. Ta ce wa yara, "Ku yi shiru, Babanku ya gaji," ta jawo ƙofa a hankali. Ashe numfashi ne ke kokawa. Da an jijjiga ka an ga ba ka motsi, da an garzaya asibiti. Sauran Allah ne masani.

Tun ranar ba ta cin abin kirki, cewa take ita ta kashe ka. Ƙanwata, matar Auta, don ke na ɗauki alƙalami. Wallahi da ina nan, yaran ma waje zan kora don ya samu barci. Tausayi ne ya sa kika rufe ƙofar nan. Ki tashi ki ci abinci, yaran nan ke suke kallo.

Auta, jiya ƙofata ta sake fara kuka. Na kasa kiran kowa.

Allah ya jiƙanka, ya sa wahalar da ka sha ta zama kankarar zunubi, ya haskaka makwancinka. Inna, Allah ya ba ki haƙurin rashin auta. Marayunsa, Allah ya raya ku. Ke kuma ƙanwata, Allah ya sanyaya zuciyarki, ya sauke miki nauyin da ba naki ba. Amin.