Na Sa Sirrin Inna a Littafi, Ta Daina Waƙa

A wancan lokacin ni 'yar jarida ce a wani gidan rediyo, ga kaifin baki ga ji da kai. Na gaji da labarin da za a karanta da safe a manta da shi kafin azahar, sai na ajiye aikin na koma gida Funtua da burin rubuta littafi a kan matan da suka rayu da auduga. Wallahi har a barci nakan ga littafin nan, fari tas kamar gona ta isa cira.

A wani ƙauye bayan Malumfashi na samu wata tsohuwa da nake kira Inna, ita kaɗai ta rage mai kaɗi a unguwarsu. Nakan zauna gefen tabarmarta a gindin tsamiya, ta dangwali alli ta murza mazari, zare yana fitowa siriri, ni kuwa sai in ji kamar duniya ta tsaya cik. 'Yata take ce mini. Wata la'asar da gidan ba kowa, sai kawai ta lumshe ido ta ɗauki waƙa. Da ta gama na tambaye ta inda ta samo wannan murya. Ta gaya mini cewa da ƙuruciya ita ce zabiyar kalankuwa a garinsu, bikin da samari da 'yan mata ke yi bayan girbi, har daga nesa ake tahowa jin muryarta. Aure ya kawo ta nan inda ba a san ta ba, ta binne zancen, ko babban ɗanta da ke limancin unguwar bai sani ba. Ta yi dariya ta ce in bar shi a cikina. Rikodata kuwa tana kunne cikin jaka.

Na yi ta juya maganar a raina, amma kwaɗayin babi mai daɗi ya fi ƙarfina. Na ce ai sauya suna ya wadatar. Na sauya sunan, amma na bar tsamiyar, na bar mazarin, na bar ɗa liman. To wa zai kasa ganewa? Littafin ya fito, aka yi ta yabo, kaina ya yi girma. Wani malamin makaranta ya kai shi ƙauyen, aka karanta a majalisa. Daga nan mata suka fara tsokanarta a gidajen suna, wai zabiya ta tashi ta ɗan taɓa musu, ɗanta kuma ya daina haɗa ido da ita.

Da labari ya iso ni na garzaya wurinta. Ko faɗa ba ta yi mini ba. Ta ba ni ruwa, ta tambayi mutanen gida, amma ta kira ni Malama, ba 'yata ba. Da na durƙusa ina ba ta haƙuri, ta ce ta yafe. Ta ce duk shekarun nan takan yi wa mazarinta waƙa a hankali, su biyu kawai, amma yanzu ko ita kaɗai ce, da ta buɗe baki sai ta ji kamar gari duka yana saurare. Mazari ya yi ta juyi ba waƙa, har na tashi.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Na koyi cewa maganar rediyo iska ke kwashewa, amma ta littafi tana nan zaune, kuma mai ita ne zai zauna da ita a cikin mutanensa, ba marubuci ba. 'Yan'uwana masu alƙalami, don Allah idan an ce ku bar magana a ciki, ku bar ta. Muryar Inna tana nan a rikodata, har yau na kasa kunnawa.